Ranar da Gari Ya Kunna wa Laring Kyandir

Ban taɓa son sunana ba. Hilaria. A makaranta ni kaɗai ce mai sunan tsofaffi, sauran yara duk da sunayensu na 'yan fim. Duk ranar da na yi ƙorafi, amsa ɗaya Tatay, wato mahaifina, yake ba ni: "Sunan uwata ne, Inday. Shi kaɗai na fito da shi daga garinmu." Inday haka mutanen garinsu ke kiran 'ya mace.

Gaskiya ya faɗa. Yana da shekara biyar, lokacin yaƙin Japanawa, uwarsa ta rasu a wata bukka a kan dutse inda mutanen garin suka gudu suka ɓuya. Ubansa ya riga ya shiga daji da masu yaƙi, bai dawo ba. Wani ƙanen uban ne ya ɗauko shi a jirgin ruwa daga tsibirin Panay ya kawo shi Manila. Babu hoto, babu takarda, kabarin ma ba wanda ya san inda yake. Abu uku ya riƙe: ana kiranta Laring, sunan gidansu Tabiana, sai labarin kyandir.

Labarin kyandir kuwa ni da ƙanwata Nenita mun ji shi har ya ishe mu. Wai ranar haihuwarta ta goya shi ta kai shi inda jama'a suka taru, kowa da kyandir a hannu, ta raɗa masa a kunne: "Ka gani, Takyo? Duk garin nan don ni suka kunna." Da ya girma ya yi lissafinsa, ya ce ranar da kowa ke kunna kyandir ai farkon Nuwamba ce, ranar tunawa da matattu. Tun daga albashinsa na farko, duk biyu ga Nuwamba sai ya sa farar rigarsa, ya rubuta "Hilaria Tabiana" a bayan ambulan, ya kai coci a karanta sunan a yi mata Misa. Shekara sittin da huɗu bai taɓa fashi ba, har shekarar da ambaliya ta kai mana gwiwa.

Ni kuwa, ni da coci mun raba gari shekara goma sha bakwai. Ina da ɗa guda, Emilio. Zazzaɓin sauro ya ɗauke shi cikin kwana biyar yana da shekara bakwai. Ranar cikar arba'in na rubuta sunansa a ambulan da hannuna na kai. Kafin a fara Misa wata mata ta tsaya a gaba tana karanta sunaye kamar mai kiran fasinja a tasha. Bayan wata da ke godiya ta ci jarrabawa, kafin wani da ke roƙon biza, sai na ji ta ce "Emilia", ta wuce. Harafi ɗaya. Aikina ke nan a maɗaba'a, kama harafi ɗaya da ya kauce, shekara talatin da jan biro a hannu. Na ɗauki jakata na fita. Na ce a raina, in har a gidansa ma ba a san sunan yaron ba, me ya kawo ni?

A Janairun bana likita ya kira mu gefe ya ce mu mai da Tatay gida, makonni suka rage. Ranar da muka dawo da shi, Nenita na ba shi kunun shinkafa a cokali, ya ture hannunta ya dube ni.

"Inday, ki je garinmu, Santa Rufina, ki nemo mini ita a littafi."

"Wane littafi, Tatay?"

"Na coci mana. Duk wanda aka zuba wa ruwa a ka an rubuta shi. Ina so a karanta sunanta a garinsu, a cocin da ta taka da ƙafarta, ina da sauran numfashi. In ji sunan iyayenta ma. In na isa can aka ce wa kake nema, sai in ce Laring? Laring nawa ce a can?"

"Ka aiki Nenita. Ita ce ta coci."

Nenita ta ajiye kwanon. "Madalla. Ni in tafi, ke ki zauna da juya shi da wanke shi. Ga soso can, ga sabulu."

"Ke ce mai idon ganin kuskure," in ji Tatay. "Ban ce ki durƙusa wa kowa ba. Ofis za ki shiga."

Na isa Santa Rufina ashirin da tara ga wata, bayan jirgi da mota da babur mai ɗan akwati a gefe wanda ya kusa kwance mini ƙugu. Ofishin yana manne da bangon coci ta gefen teku. A bakin ƙofa mata sun baje tebura suna sayar da kyandir dami-dami, na ratsa su ko kallo ban yi musu ba.

Mai riƙe da littattafan wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce, Manang Gorya, wato Yaya Gorya, da tabarau rataye a wuya da kofin shayin citta da ba ya rabuwa da ita. Ta yi mini kallon sama da ƙasa, ta miƙo bayan hannunta. Na daɗe ban yi wa kowa wannan gaisuwar ta girmamawa ba in ban da Tatay, amma na sunkuya na ɗora shi a goshina.

"To, ba a rasa tarbiyya gaba ɗaya ba a Manila," ta ce. "Wa kike nema?"

Na faɗa mata. Ta ce littattafan shekarun da aka haifi Tatay duk sun ƙone a yaƙi, kada ma in sa rai. Na kafin nan ne mai kaɗa ƙararrawa ya binne a rumbun shinkafa suka tsira. Sai dai mu nemi baftismar kakar tawa ita kanta.

"Sunanta?"

"Hilaria Tabiana. An haife ta farkon Nuwamba."

Ta sauke kofin. "Hilaria a Nuwamba? Wa ya gaya miki?"

"Ɗanta."

"Ɗanta yana wurin aka haife ta?" Ta ja tsaki. "'Yar Manila, mutanen da ba sa zaɓen suna. Kalanda ke zaɓa. An haihu, uba ya je bango ya duba, waliyyin da ya tarar a ranar shi ke nan. Ni Gregoria ce, sha biyu ga Maris, ba sai na nuna miki takarda ba. Akwai wani a unguwarmu da aka haifa ɗaya ga Janairu, uban ya duba kalanda ya ga an rubuta Kaciyar Ubangiji, haka ya je ya sa masa. Har mutumin nan ya mutu yana naushin mutane a kai. Wadda ta zo farkon Nuwamba, ranar dukan waliyyai, Santos za a sa mata. Hilaria 'yar Janairu ce, ko Agusta."

Raina ya ɗan sosu. Na ce ni dai Nuwamba aka ce mini, Nuwamba zan duba. Ta ɗaga kafaɗa, ta sa ni wanke hannu, ta fito mini da littattafai huɗu masu bangon fata.

Kwana biyu na yi a kansu. Takardun sun yi launin shayi, ƙwari sun yi musu ƙananan ramuka, rubutun kuma na Sifaniyanci ne mai jela. Na bi Nuwamba na shekara goma sha biyu, babu. Na haɗiye girman kaina na koma Janairu, babu. A Agusta na tarar da Hilaria Tabiana guda, sai na ga ɗan gicciye a gefen sunan. Wata biyu ta yi a duniya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kurakurai ne. Gida ɗaya, wani fada, wato limamin coci, ya rubuta Tabiana, na bayansa Tabyana, wani kuma Taviana. An rubuta yaro namiji an ce 'ya. An tsallake rana. Hannuna har ƙaiƙayi yake yana neman jan biro. Na nuna wa Manang Gorya.

"Ki ga wannan ɓarna! Ba mai dubawa ne?"

"Duk an binne su da abin da aka rubuta," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Har yau babu wanda ya dawo ya kawo ƙara."

Akwai wani fada da na bi rubutunsa shekara tara. Da farko hannunsa tsaye yake kamar na soja. Sannu a hankali ya fara rawa, haruffan suka yi girma, layi ya riƙa gangarawa ƙasa. Amma bai bar jariri ko ɗaya ba, har 'ya'yan masunta da aka kawo da safe suka mutu da yamma, kowa da sunansa da na uwarsa da na wadda ta riƙe shi. Ranar da na juya shafi na ga wani sabon hannu, sai na ji ba daɗi, kamar an yi mini rasuwa.

Da tsakar rana in an kaɗa ƙararrawa, Manang Gorya takan miƙe ta yi addu'arta a tsaye. Ni kuma in ci gaba da juya shafi. Rana ta biyu da ta gama ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke ba kya tashi?"

"Na daina."

"An yi faɗa ne?"

"An yi."

"Wa ya yi nasara?"

"Ba mu gama ba."

Ta gyaɗa kai kamar na gaya mata farashin kifi, ta koma kan aikinta.

Rana ta uku da hantsi Nenita ta kira. Ta ce Tatay bai ci komai ba tun jiya, tambaya ɗaya yake yi, ko an samo. Na ce ta ba shi wayar, ban ma san me zan ce masa ba. Kafin in buɗe baki Manang Gorya ta fizge wayar ta danna ta yadda duk za mu ji.

"Manong Takyo! Gorya ce, 'yar gidan Tupas na bakin kogi. Ba ka san ni ba, ka gudu kafin a haife ni. 'Yarka ta cinye mini littattafai da ido. Gaya mini labarin kyandir ɗin nan da bakinka."

Muryarsa ta fito siririya. Ya faɗi labarin yadda ya saba, kalma ba ta canza ba.

"A ina aka taru? A maƙabarta ko a cikin coci?"

"A ciki. Akwai rufi. Na tuna ina kallon sama, tsuntsaye na shawagi."

"Ana ruwa?"

"A'a. Ƙasa a bushe take. An gama yankan shinkafa, don ta bi da ni ta cikin gona, karan na sukar ƙafarta."

"Kyandir ɗin fa? Ta bar shi can ya ƙone?"

"Ta kashe shi ta kawo gida. Ta naɗe shi a tsumma ta soke a rufin ɗaki. In ana tsawa da dare sai ta ciro ta kunna, ta ce ba abin da zai same mu." Ya yi tari. "Wannan ban taɓa faɗa wa yaran ba. Yanzu ya dawo mini."

Manang Gorya ta buga tebur har shayinta ya fantsama. Ta ce masa ya jira, za mu kira shi, ta kashe wayar. Ta kama hannuna ta ja ni bakin taga, ta nuna mini matan da ke sayar da kyandir.

"Kwana uku kina ratsa su. Kin tambayi kanki na mene ne? Na maƙabarta a can ake barinsa ya ƙone a kan kabari. Wanda ake sa wa albarka a kai gida a ajiye don tsawa, rana ɗaya ce tak a shekara. Jibi ne. Biyu ga Fabrairu, ranar da Maryamu ta kai jaririnta Haikali. Kandelaria." Ta sake ni. "Ba Hilaria kaɗai ake kira Laring ba, 'yar Manila. Buɗe Fabrairu."

Minti goma bai cika ba. Shekarar 1914, da hannun fadan nan mai rawa. An yi wa jaririya 'yar kwana uku baftisma, an haife ta biyu ga wata, an sa mata Kandelaria, 'yar Isidro Tabiana masunci da Marselina Tingson. A gefen shafin, da wata tawada daban, wani ya ƙara layi ɗaya bayan shekara ashirin da biyu: ta auri Ruperto Solinap. Sunan kakana ke nan. Sunan da ke kan katin aikina.

Na zauna. Ba wuya a gane yadda aka yi. Yaro maraya a Manila, ranar sa shi makaranta malami ya tambayi sunan uwarsa, ya ce Laring, malamin ya cike sauran da abin da ya fara zuwa masa. Daga nan takarda ta haifi takarda. Na ɗora yatsana kusa da sunan, ban taɓa shi ba. Na yi murna, wannan gaskiya ne. Amma murnar ba ta yi minti ɗaya ba tsoro ya danne ta.

"Ba zan gaya masa ba," na ce.

"Wai me?"

"Shekara sittin da huɗu, Manang. Ambulan sittin da huɗu, da sunan matar da ba ta taɓa rayuwa ba, a ranar da ba tata ba. Ya sa wa 'yarsa sunan. Yanzu yana bakin kabari in ce masa duk a banza? Ki rubuta Hilaria a karanta jibi, ya ji, ya huta."

"Da ban sani ba, da na karanta. Yanzu na sani." Ta rufe littafin a hankali. "Kuma wa ya ce miki a banza?"

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni ina ba ta labarin Emilio. Ban taɓa faɗa wa kowa dukansa ba, har mijina da muka rabu. Na gaya mata na jarrabawa da na biza, na gaya mata harafin. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ban zaci ta iya ba.

"Shekara arba'in ina karanta sunayen nan," ta ce bayan na gama. "Na mai da maza mata. Na aurar da waɗanda ba su san juna ba. Wata rana na karanta Manong Berto mai gyaran raga cikin matattu, yana zaune a layi na uku. Ya ɗaga hannu ya ce, Gorya, ina nan tukuna." Ta cire tabarau ta goge da bakin rigarta. "Ban ce ba ciwo ba, Inday. Da ni ce matar, da na so ki tashi ki ce Emilio ne. Da na gyara, na ba ki haƙuri."

"Ranar ba na iya magana."

"Na sani. Yau fa?"

Ban kira Tatay ba ranar. Na tura wa Nenita saƙo na ce ana kan dubawa, na tafi bakin teku na zauna ina kallon masunta suna shanya ƙananan kifi a kan raga. Kowace fuska na gani sai in ce ko jinin Isidro ce. Na shirya ƙarya kala uku, kowacce na karanta ta a raina sai in ga kuskurenta.

Washegari da safe na kira. Nenita ta jingina masa wayar a filo, ina ganin fuskarsa, ta rame har kunnuwansa sun yi girma.

"Tatay, na same ta."

Ya rufe ido.

"Ubanta Isidro, masunci ne. Uwarta Marselina. An rubuta aurenta da mahaifinka, Lolo Ruperto, a gefe. Amma akwai wani abu. Ba Hilaria ba ce. Kandelaria ce. Ranar kyandir ɗin ba Nuwamba ba ce, gobe ce."

Idonsa na nan a rufe. Na ji Nenita ta ja numfashi. Na ce a raina shi ke nan, na kashe ubana da jan biro.

"Kandelaria," ya ce. Ya sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "Kandelaria. Ashe ba wasa take mini ba. Ranarta ce da gaske." Hawaye ya gangara ya shiga kunnensa, amma bakinsa murmushi yake. "Ya fi dacewa da ita. Hilaria bai taɓa zama mini daidai a baki ba, ban dai faɗa ba."

"Ni ka bari da shi shekara hamsin da huɗu!"

Ya yi dariya har ta zama tari, Nenita ta ɗaga shi ta shafa masa baya. Da ya lafa na ce abin da ke cina.

"Ka yi haƙuri, Tatay. Duk ambulan ɗin nan."

"Me ya same su?"

"Ba sunanta ba ne."

"Uwata ta san muryata, ko da me na kira ta." Ya sauke numfashi. "Amma tun da kika faɗa nake lissafi. An karanta Hilaria a gaban bagadi, an ce Ubangiji ya ji ƙanta, ya ba ta hutawa. Dole dai ya sauka a kan wata. Ni kuma Hilaria ɗaya na sani a duk duniya."

"Tatay, na matattu ne. Ni ina da rai."

"Shekara goma sha bakwai ina kallonki, Inday. Kina zuwa aiki, kina dawowa, kina cin abinci." Ya girgiza kai a kan filon. "Ban ce komai ba, don ba kya son a ce. Amma in na rubuta sunan nan a 'yan shekarun nan, ba kullum nake sanin wace nake nufi ba."

Na kife wayar a cinyata. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar arba'in, a zaune a kan matakalar ofis, mata masu kyandir suna kallona. Ɗaya ta taso ta ajiye mini wainar shinkafa mai zafi a ganyen ayaba, ta koma teburinta ba ta tambaye ni komai ba.

Ranar biyu ga wata tun ƙarfe shida cocin ya cika. Na tsaya a ƙofar ofis da ambulan a hannu. Na rubuta Kandelaria Tabiana Solinap, na rubuta Isidro da Marselina da Ruperto. Biron ya tsaya. Sai na ƙara Emilio a ƙasa, na zagaya harafin ƙarshe sau biyu har takardar ta kusa hujewa.

Manang Gorya ta karɓa ta duba, ta haɗa da sauran takardunta, ta miƙo mini duka.

"Maƙogwarona na ciwo yau."

"Manang, yanzu na ji kina yi wa mai shara ihu."

"Shi ya jawo ciwon. Karɓi. Ke ce ba kya kuskure."

Na shiga. A bakin ƙofa hannuna ya tsoma kansa cikin ruwan tsarki ya kai goshi kafin in yi shawara da shi. Rufin yana nan, tsuntsayen ma suna nan. Na tsaya a gaba, jama'a kowa da kyandir, Manang Gorya a layin farko ta ɗaga wayata sama kamar mai neman sabis, Tatay da Nenita a ciki.

Sunaye tamanin da wani abu ne, da rubutun mutane iri-iri, wani kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. A na talatin da wani abu na karanta Tiburcio, wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Tiburcia!" Kunya ta rufe ni. Na ce a yi haƙuri, na gyara, ta gyaɗa kai. Na karanta kakata da iyayenta da mijinta, a cocin da ta taka da ƙafarta. Da na zo kan na ƙarshe na tsaya. Aka jira ni. Ba wanda ya yi tari. Na faɗi sunan ɗana daidai, har ƙarshensa.

Ban karɓi jibin Ubangiji ba ranar, ban kuma ce faɗanmu ya ƙare ba. Amma da aka durƙusa na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara har ta kusa da ni ta waiwayo.

Na koma Manila da kyandir guda naɗe a tsumma. Tatay ya karɓa ya shinshina, ya juya shi a hannu, ya miƙo mini.

"Ajiye. Ba a fara tsawa ba tukuna."

Na soke shi a saman kabad inda yake iya gani daga gado. Na zauna ina yanke masa farce, yana ta maimaita Isidro da Marselina don kada ya manta a hanya. Can ya rufe ido, na zaci barci ne.

"Inday."

"Na'am, Tatay."

"Nuwamba ba na nan. Ba mai kai sunanki."

Na gama yanke farcen ɗan yatsansa, na share a tafin hannuna.

"Zan kai shi da ƙafata," na ce.

Kwana tara bayan haka, da la'asar, Nenita ta leƙo kicin ta kira ni da ido. Na gane lokacin Tatay ya yi. Na hau kujera na sauko da kyandir ɗin, na kwance tsumman, na kunna.